Hukuncin Kisa a Shari'ar Yahudawa: Daga Nassin Attaura zuwa Taka-tsantsan Malamai

Attaura ta tanadi hukuncin kisa a kan laifuffuka da dama, kamar kisan kai da zina da keta alfarmar ranar Asabar. Malamin nan Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya ƙidaya su 36. Sai dai wanda ya tsaya a kan nassin kaɗai zai yi wa tarihin gurguwar fahimta, domin malaman da suka zo daga baya ba su shafe hukuncin ba, amma sun kewaye shi da sharuɗɗan da suka sa zartar da shi ya kusa gagara.

Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya shardanta alƙalai 23 kafin a saurari shari'ar rai. Dole a sami shaidu biyu da suka gani da idonsu, waɗanda kuma suka gargaɗi mai laifin dab da aikatawa. Iƙirarin mutum a kan kansa ba hujja ba ne, haka ma alamu da zato. Rinjayen alƙali ɗaya ya isa a sallami wanda ake tuhuma, amma hukunta shi sai da rinjayen biyu, kuma sai an kwana kafin a yanke. Mafi ban mamaki shi ne abin da Talmud ya ƙara: idan bakin alƙalan ya zo ɗaya tun farko a kan kisa, sai a sake shi, domin babu wanda ya nema masa mafita.

A babin Makkot an siffanta kotun da ke kashe mutum ɗaya cikin shekara bakwai da mai ɓarna. Wani malami ya ce ko da cikin saba'in ne. Akiba da Tarfon suka ce da suna cikin majalisar, da ba a taɓa kashe kowa ba. Shimon bin Gamaliyel ya mayar musu da cewa hakan zai yawaita masu zubar da jini. Wannan raddi nasa ana yawan tsallake shi a rubuce-rubucen zamani, kuma a ganina kuskure ne, domin shi ke nuna cewa saɓani ne na gaske, ba ijma'i ba.

Akwai kuma abin lura: an tsara waɗannan ƙa'idoji bayan Rumawa sun rusa Haikalin Ƙudus a shekara ta 70, lokacin da ikon kisa ya riga ya fita daga hannun kotunan Yahudawa. Duk da haka tasirinsu ya ɗore. A 1954 majalisar Isra'ila ta soke hukuncin kisa a kan laifin kisan kai, a 1959 kuma ƙungiyar majami'un Yahudawa masu ra'ayin gyara a Amurka ta yi kira da a soke shi. Ko a shari'ar Adolf Eichmann, masanin falsafa Martin Buber ya roƙi kada a kashe shi. Ba a karɓi roƙon ba. An rataye Eichmann a 1962.