Labarin Jarrabawar Likita Da Yadda Ta Shafi Ƙasar Wudil

Garin Wudil yana bakin kogi, kamar mil 25 daga birnin Kano, bisa hanyar da ta nufi Bauci da Barno. A zamanin da, in ciwo ya kama mutum a can, ba mai tambayar takardar mai magani. Wanzami ya gaji aska wurin ubansa, maɗori ya gaji ɗori, ungozoma kuwa ta koya wurin tsohuwar da ta riga ta. Jarrabawarsu a bainar jama'a a ke yinta. Wanda duk ya ɗora ƙafa ta warke a karkace, kafin kasuwar Juma'a ta watse labarinsa ya gama ƙauyuka, shi ke nan ba mai sake kai masa karaya.

Da Turawa suka zo, sai suka zo da wata ƙa'ida dabam, watau ba a kiran mutum likita sai ya ci jarrabawa, an rubuta sunansa cikin littafin Gwamnati. A farkon sarautar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, aka gina Asibitin Birni, wanda yanzu a ke kira Asibitin Murtala Muhammad. Sa'an nan En'e ta shiga buɗe ɗakunan magani a garuruwan hakimai. A 1932 kuma aka kafa Makarantar Tsabta a Kano don horon duba-gari. Amma likita kansa yana birni. Talakan gunduma malamin asibiti ya sani, shi ke wanke gyambo, ya ɗiga maganin ido, ya ba da na zazzaɓi. Babban abin da a ke nema gare shi kuwa shi ne ya san ciwon da ya fi ƙarfinsa, ya aika da majiyyaci Kano tun da sauran numfashi. Ga mutumin hayin kogi, da damina, kafin a yi gada, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To, ina za a sami likitoci 'yan ƙasa? A 1930 Gwamnati ta buɗe makarantar likita a Yaba, kusa da Ikko. Karatunta na shekaru ne, ƙarshensa kuwa jarrabawa iri uku, da ta rubutu, da ta baka, da ta bakin gado. Wannan ta ukun ita ce mai sa gumi. A kan kai ɗalibi gaban majiyyacin da bai sani ba, a ce ya tambaye shi mafarin ciwonsa, ya duba idonsa da harshensa, ya taɓa jijiyar hannu, ya latsa ciki ko ya ji saifa ta kumbura, ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya sa abin saurare. Sa'an nan manyan likitoci su tsaya kansa su ce ya faɗi abin da ya gani, da sunan cutar, da dalilinsa, da abin da zai yi. Nan hadda ba ta ceton kowa, gama majiyyaci bai karanta littafi ba balle ya yi ciwo yadda aka rubuta.

Abin takaici, wanda ya haye wannan siratsi takardar da a ke ba shi ba ta wuce iyakar Nijeriya. Majalisar likitoci ta Ingila ba ta yarda da ita ba. Mataimakin likita a ke kiransa, albashinsa ƙasa da na Bature, ko da ya ke sau da yawa aikinsu ɗaya. An yi ta gunaguni kan wannan a Ikko, kuma da gaskiyar masu gunagunin. Dakta Michael Okpara, wanda daga baya ya zama Firimiyan Jihar Gabas, ɗalibin Yaba ne. Dakta Barau Dikko na Wusasa kuwa, likitan farko daga Arewa, bai bi ta nan ba, a Jami'ar Birmingham ta Ingila ya yi karatu, don haka takardarsa cikakkiya ce.

A 1948 aka mai da karatun likita Kwalejin Jami'a ta Badun. Da fari sai ɗalibai su ƙetare zuwa Landan su ƙarasa koyon aikin bakin gado, har aka buɗe babban asibitin koyarwa na Badun a 1957. A 1960 aka yaye na farko da suka gama kome a gida, da digirin Jami'ar Landan. Gwamnatin Jihar Arewa kuwa, ganin asibitocinta ba likitoci, ta buɗe tata makarantar a Kano a 1955 don horon mataimakan likita, amma ba ta yi tsawon rai ba. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta soma karatun likita cikakke, a 1988 kuma aka kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Littafin sunayen likitoci ya koma hannun 'yan ƙasa da dokar 1963, wadda ta kafa Majalisar Likitocin Nijeriya. En'e da malaman asibitinta sun zama tarihi tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma ƙa'idar tana nan. Likitan da ke duba marasa lafiya a babban asibitin Wudil yau, sai da ya ci jarrabawar bakin gado a jami'arsa, aka ba shi izni na wucin gadi, ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya, kana aka rubuta sunansa sosai. In kuwa a ƙasar waje ya yi karatu, ko Masar ko Sudan ko Indiya, sai ya sake zama jarrabawar Majalisa kafin a bar shi ya taɓa majiyyaci.