Tarin da ke biyo bayan tiyatar kansar huhu: abin da majinyata da iyalansu ya kamata su sani a Magariya da Dungas

Kansar huhu ita ce kansar da ta fi kashe mutane a duniya. Alƙaluman cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutane kusan miliyan 2.5 suka kamu da ita, miliyan 1.8 kuma suka mutu. Idan an gano ta da wuri, likitoci kan yanke sashen huhun da ciwon ya kama. Huhun dama yana da sassa uku, na hagu biyu, kuma galibi sashe guda ake cirewa.

Ba a yin irin wannan aiki a asibitin gunduma. Majinyaci daga Magariya ko Dungas sai an tura shi gaba: Damagaram, daga nan Yamai mai nisan kusan kilomita 900, inda Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa (CNLC) ta fara gashin kansa a 2021. Wasu kuma kan tsallaka iyaka zuwa Kano. Ke nan idan ya dawo gida, likitan da ya yi masa aikin yana nesa. A nan ne tari mai naci kan zame wa iyali abin fargaba.

Me ke kawo tarin?

Binciken likitoci ya nuna cewa tsakanin kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan tiyata suna fama da tari bayanta. Yawanci busasshe ne, da ƙaiƙayi a maƙogwaro, yana tashi idan mutum ya yi doguwar magana, ko dariya, ko ya shaƙi iska mai sanyi.

Lokacin aikin, likita yakan cire kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji domin a duba ko ciwon ya yaɗu, kuma jijiyoyin da ke tayar da tari suna bi ta wurin. Idan an taɓa su, ɗan abu kaɗan sai ya motsa su. Ragowar huhun kuma yakan buɗe ya cike gurbin da aka bari, hanyoyin iska su ɗan karkace. Bututun da aka zura a maƙogwaro lokacin da aka sa mutum barci shi ma yakan bar kumburi. Akwai kuma ƙwannafi, wato tasowar ruwan ciki mai tsami zuwa maƙogwaro, wanda ke ƙara tarin musamman da dare.

Ga mafi yawan mutane, tarin yana raguwa cikin wata uku. Wasu ƙalilan kan kai shekara. Tarin da ya wuce mako takwas likitoci suna ɗaukarsa mai naci, wanda ya kamata a bincika.

Makonnin farko: kada a danne tari

A kwanakin da suka biyo bayan aikin, tari yana da amfani, domin shi ke fitar da majina. Idan ta taru a huhu tana iya jawo ciwon namoniya. Mai jinya ya zauna, ya rungume matashin kai a gefen da aka yanka, ya ja dogon numfashi sau uku, sannan ya yi tari. Matashin yana rage zafin ɗinkin. Ya riƙa ɗan tattaki a tsakar gida kullum, yana ƙara nisa sannu a hankali. Ɗaukar kaya mai nauyi, jan guga a rijiya da aikin gona su jira mako shida aƙalla, ko har likita ya ba da izini.

Ƙura da hayaƙi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan rufe jahar Damagaram da ƙura, a daidai lokacin sussuka da sheƙar hatsi. Mai jinya ya nisanci wurin sussuka. Idan fita ta zama dole, ya sa takunkumi ko ya rufe hanci da baki da rawani ko mayafi. A yayyafa ruwa kafin a yi shara.

Hayaƙin itace da na kara, turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa duk suna tayar da tari. Kada a hura wuta a ɗakin da yake kwana don jin ɗumi. A ƙara masa bargo, a kafa gidan sauro. Matar da aka yi wa aikin a ɗauke mata girki. Taba da shisha kuwa a bar su gaba ɗaya, har masu zuwa dubiya kada su sha a kusa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce sanadin kusan kashi 85 cikin 100 na kansar huhu.

Dabarun rage tarin a gida

Bayan majina ta ƙare, busasshen tarin da ya rage ana iya koya wa jiki sassauta shi. Da zarar ƙaiƙayin ya taso, a kurɓi ruwa, a haɗiye yawu da ƙarfi, a ja numfashi ta hanci, a fitar da shi a hankali ta baki kamar mai hura kunu. Ruwan ɗumi da cokalin zuma yana sanyaya maƙogwaro, amma mai ciwon suga ya tambayi likita tukuna. Mai ƙwannafi ya rage yaji, maiƙo da shayi mai ƙarfi, ya ci tuwon dare awa uku kafin kwanciya, a kuma ɗaga wajen kan gadonsa.

A guji sayen maganin tari a hannun masu talla a kasuwa. Wasu suna ɗauke da kodin, wanda ke danne numfashi kuma jiki yana sabawa da shi. Mai shan maganin hawan jini irin su captopril ko enalapril ya sanar da likita, domin su kansu suna kawo busasshen tari. Likita ne zai sauya maganin. Kada mutum ya daina sha da kansa.

Alamomin da ba a jira da su

A garzaya asibiti a ranar idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Jini a cikin kaki.
Zazzaɓi tare da kaki kore ko mai wari.
Numfashi yana ƙara yin wuya, ko ciwon ƙirji na farat ɗaya.
Ruwa mai yawa yana fitowa da tari idan an kwanta a gefen da ba a yanka ba. Wannan na iya nufin ɗinkin hanyar iska ya buɗe.
Kumburin ƙafa guda, ko mugunya a wurin ɗinki.

Tarin da ya lafa sannan ya dawo, tare da rama, gumin dare ko dishewar murya, shi ma abin bincike ne. Yana iya zama tarin fuka, wanda ake maganinsa kyauta a Nijar, yana kuma iya zama ciwon ne ya dawo. Gwajin kaki da hoton ƙirji ne za su fara nuna hanya.

Bibiya

Likitoci kan buƙaci hoton sikana duk wata shida a shekaru biyu na farko, daga nan sau ɗaya a shekara. Kafin a baro babban asibiti, iyali su karɓi takardar bayanin aikin, jerin magunguna, ranar komawa da lambar wayar sashen da ya yi jinyar. A kai takardun ga majo na cibiyar CSI mafi kusa tun kafin wata matsala ta taso. A kuma ware kuɗin mota tun daga kaka, domin hanyoyin ƙauyuka sukan yi wuya da damina, ranar ganin likita kuwa ba a ɗaga ta don tari ya yi sauƙi.