Bale: daga fadar sarkin Faransa zuwa dandalin samariya

A nan Mayahi, ko a Tasawa, in ka ce “bale” gaban wanda ya haura shekara hamsin da biyar, ba zai ce ka fassara masa ba. Zai ce maka wasan samariya ne na zamanin Kunce, kiɗa da rawa da waƙa a haɗe, ana ba da labari da jiki. In kuwa gaban ɗan lise na yau ka faɗe ta, abin da zai faɗo masa a rai shi ne Baturiya siririya cikin farin siket, tsaye bisa kan yatsun ƙafa, irin wadda ake gani a tele. Kowanensu na da gaskiya. Kalmar ɗaya ce, kuma in aka bi sawunta daga can zuwa nan za a gane abin da ya sa ta Turawa ta haura shekara ɗari huɗu tana raye, tamu kuwa ta yi tashen shekara goma sha wani abu ta kwanta.

Asalin kalmar daga Italiyanci ne, ma'anarta rawa kawai. A fadojin sarakunan Italiya aka fara shirya ta don bukukuwan aure da tarbar baƙi, sannan ta bi wata ɗiyar gidan Medici, Katarina, wadda ta auri sarkin Faransa. A 1581 aka yi a Faris wani babban wasa da masana ke ɗauka a matsayin bale na farko cikakke. Amma wanda ya kafa ta da gindinta shi ne Sarki Luwi na 14. Shi kansa ɗan rawa ne. A 1653, yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya fito cikin kaya masu ruwan zinariya a matsayin rana, manyan fadawa na kewaya shi. Ba sai an yi wa kowa bayani ba: ga rana, ga taurari, kowa ya san matsayinsa. Wato tun ran gini tun ran zane, bale rawar mulki ce.

Abin da Luwi ya yi bayan nan shi ne ya bambanta su da mu. A 1661 ya kafa makarantar masana rawa ta masarauta. Malaminsa, Piyer Boshan, ya tsara tsayuwar ƙafa iri biyar waɗanda har gobe da su kowane yaro ke farawa. A 1700 aka buga littafin da ke rubuta takun rawa da alamomi, kamar yadda ake rubuta lissafi. A 1713 aka buɗe lakwal ta horar da yara a gidan Opera na Faris, kuma tana nan har yanzu. Yaro na shiga yana wajen shekara takwas, a lanƙwasa shi tun yana ɗanye, in ya yi sa'a a ɗauke shi aiki da albashi, ya yi ritaya yana da shekara 42 da fanshonsa. Rawa ta zama sana'a mai hanyar shiga da hanyar fita, kamar aikin likita ko na mushen lakwal.

Tarihin kayansu ma abin saurare ne, don kaya ne ke nuna abin da ake son ido ya gani. Da fari mata na rawa cikin manyan riguna masu jan ƙasa. Wajen 1730 wata mai suna Mari Kamargo ta rage tsawon tata har idon sawu ya fito, don a ga aikin da ƙafarta ke yi, aka yi ta surutu. A 1832 Mari Taliyoni ta fito cikin farar riga mai shara-shara a matsayin aljanar iska, tana tafiya bisa kan yatsu kamar ba ta taɓa ƙasa. Daga nan farin siket da takalmin nan mai taurin baki suka zama alamar bale. Takalmin ba katako ba ne, yadi ne da takarda aka liƙa da gam hawa-hawa, kuma gwanar rawa na iya kashe ƙafa biyu a dare guda. Kyan nan ba kyauta ba ne. A lokacin da fitilar gas ake haska dandamali, yadin kuwa kamar auduga yake ga wuta. A 1862 rigar wata yarinya gwana, Ema Libri, ta kama wuta wurin gwaji. An riga an samo maganin da ake jiƙa yadi da shi don kada ya ci wuta, amma ta ƙi shi, wai yana sa rigar ta yi tauri ta yi muni. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu a 1863 tana da shekara ashirin. Duk mai ganin rawa wasa ce, ya tuna da yarinyar nan.

To, ƙaƙa kalmar ta ƙetaro teku? Ta ƙofar lakwal ta shigo. A Senigal akwai makarantar Wiliyam Ponti, inda Faransawa ke horar da malamai da ma'aikata na duk ƙasashen da suka mallaka a Afirka ta Yamma. Jori Hamani, Bubu Hama da Jibo Bakari duk can suka yi karatu. A shekarun 1930 aka fara sa ɗalibai su tattaro labarai da raye-rayen garuruwansu lokacin hutu, su mai da su wasan dandamali, har wasu suka je Faris suka nuna a 1937. Cikin waɗanda makarantar ta yaye akwai wani ɗan Gine, Keita Fodeba, haifaffen Sigiri a 1921. Shi ne ya kafa a Faris ƙungiyar da aka sani tun 1952 da sunan Les Ballets Africains. Da gangan ya ɗauki kalmar bale, don ya ce wa Turawa: wagga rawa tamu ita ma ilimi ce, ku zauna ku kalle ta yadda kuke kallon taku.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Rawar ƙauye da'ira ce, ba gaba ba baya, mai kallo na iya faɗawa fili in kiɗa ya taɓa shi, kuma sai a kwana ana yi. Dandamali kuwa fuska ɗaya gare shi, mutane na zaune bisa kujeru, agogo na tafiya. Dole a buɗe da'irar ta koma sahu, a taƙaita abin da ake kwana ana yi zuwa minti kaɗan, a ɗinka kaya iri ɗaya don na bayan zaure ya gane wane ne wane. Abin da ya fito daga nan ba rawar ƙauye ba ce, ba ta Turawa ba ce, wani abu ne sabo. Da Gine ta samu ƴanci a 1958 ƙungiyar ta zama ta ƙasa, ta zagaya duniya. A 1959 a Niyok hukuma ta tilasta wa matan ƙungiyar rufe ƙirjinsu kafin su hau dandamali, jaridu suka yi ta cacar baki a kai. Keita kansa ya zama minista ƙarƙashin Seku Ture, daga baya aka kama shi a 1969, ya mutu a tsare. Wanda ya yi wa mulki rawa, mulkin ne ya cinye shi.

Ƙasashe da dama sun kwaikwayi Gine. Senigal ta kafa tata ƙungiyar a 1961, aka yi manyan taruka a Dakar a 1966, Aljiyas a 1969, Legas a 1977. Ko a Kano, rawar ƙoroso da mutane ke tsammanin ta kaka da kakanni ce, a shekarun 1970 aka tsara ta don irin waɗannan gasa, aka tsinto taku daga nan da can aka ɗinke.

A Nijar an yi makon matasa tun zamanin Jori, amma abin ya kankama ne bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kunce ya rushe jam'iyya, kuma soja ba ya iya magana da kowane ƙauye shi kaɗai. Sai ya ɗauko wani tsohon tsari na ƙasar Hausa, samariya, mai sarkin samari da muƙarrabansa, ya baza shi ko'ina har inda ba a taɓa saninsa ba. Da rana samariya na gina aji, shuka itace, sharar gari. Da dare kuma gwajin wasa. A 1975 aka fara kokowar ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A 1976 aka fara festibal na matasa, yana zagaya manyan biranen jihohi, ana gasar waƙa, tiyatir, kiɗa da bale. Mayahi da Tasawa a lokacin gundumomi ne cikin jihar Maraɗi, don haka hanyar yaro mai ƙafa ita ce daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa Maraɗi, in an zaɓe shi ya shiga mota ya tafi kare sunan jiha. Ga yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba, wannan tafiya ba ƙaramin abu ba ce. Da Tele Sahel ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, sai ga ɗiyan talakawa a cikin akwati, ƙasa duka na kallonsu.

A nan ne nake ganin ba a yi wa mutanen nan adalci ba. Ana yawan cewa ai farfagandar soja ce. E, akwai ta, waƙoƙin haɗin kai da yabon aiki ba su ƙirguwa. Amma gwamnati ba ta koya wa kowa taku ba. Takun daga gida aka zo da shi. Lugude da ƴan mata ke yi bakin turmi, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe, ya hau dandamali. Sunkuyon manomi da hauya ranar gayya ya hau. Sanɗar maharbi, tsallen ƴan tauri, kirarin ɗan kokowa, duk sun hau. Wanda ya taɓa gwada jera mutum ashirin su ɗaga ƙafa lokaci guda bisa bugun ganga ɗaya, ba tare da an ƙirga musu ba, ya san wannan horo ne na watanni. Kuma mutanen da suka yi shi da safe gona suke, ko talla, ko aji.

Kayan ma haka. Ba a Faris aka yanka su ba. Saƙi ne na masaƙan gari, zane baƙi na marina, walki na fata daga hannun dukawa, laya da guru da kambu, jigida da munduwa, malafa, da kayan kaɗawa a ƙafa don ƙasa ma ta yi magana. Mai shirya bale sai ya nemi tsofaffi ya tambaye su yadda mayaƙi ke ɗaura ɗamara, yadda amarya ke lulluɓi kafin zuwan atamfa. Ta haka yaran da suka tashi cikin yadin kanti suka ga suturar kakanninsu a jikin mai rai, tana motsi. Ƙasar Maraɗi kuma dama ta san ilimin sutura a wasa tun kafin wani bale: a wurin ƴan bori kowane iska da kayansa, Malam Alhaji da fararensa, Ɗan Galadima da riguna na ɗan sarki, kuma mai kallo na gane wanda ya zo tun daga tafiyarsa. Ko mutum na ƙin bori, wannan gaskiya ce ta tarihi. Labarin da za a taka kuwa ba mu rasa shi ba. A ƙasar nan tamu ayarin Bule da Shanuwan ya ƙare a Yulin 1899, bayan ɓarnar da suka yi tun daga bakin Kwara, kuma kaburburansu na Maijirgi.

Me ya kashe abin? Na farko kuɗɗi. Festibal ɗan arzikin uraniyom ne, kuma farashinsa ya faɗi tun farkon shekarun 1980. Yunwar 1984, wadda aka sa wa suna El Buhari, ta watsa samari cirani. Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. Da aka zo taron ƙasa na 1991, samariya ta riga ta zama abin zargi, ana kallonta kunnen gwamnati, jam'iyyu suka raba samarin kowace da nata makaɗa. Na biyu, kallon da jama'a ke yi wa jiki a fili ya canza. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe ta zama tarzoma a Yamai da Maraɗi, aka ƙona wurare, har da na ƴan bori. Bayan irin wannan, wane uba zai bar ɗiyarsa ta kwana wurin gwajin rawa?

Amma akwai dalili na uku da ya girmi waɗannan, kuma shi ya fi damuna. A ƙasar Hausa kiɗa da roƙo gado ne, ana jin daɗin mai yi amma ba a son haɗa zuri'a da shi. Samariya ta ɗan karya wannan katanga, ɗan malam da ɗan maƙeri da ɗan sarki suka tsaya sahu ɗaya, sai dai bisa sharaɗin cewa abin na ƙuruciya ne. Yarinya ta yi shekara biyu ko uku tana haskawa, a ɗaura mata aure, shi ke nan. Saurayi ya yi iyali, ya ji kunyar a gan shi da walki. Ba lakwal da za ta karɓi gwani ta mai da shi malami, ba albashi, ba littafin da ya rubuta takun. Cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai a ƙarshen shekarun 1980 ta tattara kayan kiɗa na gargajiya, madalla, amma ganga ana iya rataye ta a bango. Taku sai a jikin mutum yake zama.

Ba a daina gayyatar masu rawa ba. An neme su a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai a 2005, an neme su a bikin Maraɗi Kwalliya a Disamban 2015. Kullum dai tsarin ɗaya ne: biki ya matso, a tara yara, a kai wa tela yadi cikin gaggawa, a yi wasa gaban manya, a watse. Kayan su shiga buhu a wani ɗakin ajiya, gara ta yi nata bikin. A Faransa kuwa rigunan da aka yi rawa da su shekaru aru-aru na ajiye da lamba da sunan wadda ta sa.

Yarinyar da ta hau dandamali a 1980 tana da shekara goma sha biyar, yau tana wajen sittin. Tana nan cikin unguwanninmu, ana ce mata Hajiya ko Inna, tana sayar da ƙuli-ƙuli ko tana renon jikoki. Jikokin na da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, kuma galibinsu ba su san ta taɓa yin bale ba.