Tsinkewar jijiyar yatsa: yadda ake gane ta da yadda ake gyara ta

Tsokar da ke motsa yatsu tana can a damtse, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Jijiyoyi masu kamar igiya, waɗanda likitoci ke kira "tandon" da Faransanci, su ne suke haɗa ta da ƙashin yatsu. Na gefen tafi suna lanƙwasa yatsa, na bayan hannu suna miƙe shi.

Abin da ya fi tsinka su shi ne yankan wuƙa, lauje, kwalba ko kwano. Jijiyar lanƙwasawa kuma tana iya fizgewa daga ƙashi ba tare da rauni ba, idan mutum ya riƙe rigar wani aka fizge da ƙarfi, kamar wurin wasan ƙwallo. Yatsan zobe ya fi gamuwa da wannan.

Alamomi

Idan jijiyar tafi ce, yatsan yakan tsaya a miƙe, mutum ya kasa lanƙwasa gaɓar. Idan ta baya ce a kan yatsa, kan yakan faɗi ya ƙi miƙewa. Ƙanƙantar rauni ba ta nufin jijiya na lafiya.

Likita yakan riƙe gaɓa ɗaya ya ce a motsa ta gaba, ya kuma duba ko yatsan na jin taɓi. Hoton radiyo ba ya nuna jijiya, sai dai ko ƙashi ya ɓalle. Ekografi kan nuna inda ta tsinke.

Magani

Kan yatsan da ya faɗi galibi ba ya buƙatar aiki. Ana sa masa ƙaramin tallafi a miƙe sati 6 zuwa 8, dare da rana. Ya lanƙwashe ko sau ɗaya, lissafi ya koma farko.

Jijiyar lanƙwasawa kuwa ba ta haɗewa da kanta, domin tsoka na janye ta baya. Ɗori ba ya kamo ta, sai ɗinki a ɗakin tiyata, kuma an fi son a yi cikin kwana 7 zuwa 10. Bayan kimanin sati 3, sau da yawa sai an ciro wata jijiya an yi ƙari.

Bayan aiki ana sa tallafi wajen sati 6, tare da motsa yatsu wurin kine don kada jijiyar ta manne. Aikin ƙarfi sai bayan sati 12.

Wanda ya yanke ya wanke raunin, ya danne da ƙyalle mai tsabta, ya cire zobe, ya tafi asibiti ranar, a kuma duba allurarsa ta tetanos.