Daga Gulbi Zuwa Tudu: Tarihin Filayen Jama'a a Birnin Maraɗi

Gabatarwa

Duk baƙon da ya shigo Maraɗi, abin da yake fara lura da shi shi ne faɗin hanyoyinta da miƙewarsu, da yadda gidaje suka jeru kare-kare kamar an ja su da igiya. Wannan tsari yana da tarihi, kuma tarihinsa bai kai shekara ɗari ba. Birnin da ake gani a yau a kan tudu an zana shi ne bayan ambaliyar shekara ta 1945, kuma tun a zanen farko aka keɓe wurare waɗanda ba na kowa ba ne, na kowa da kowa ne: dandalin fada, da kasuwa, da wurin sauke kaya, da filayen ma'aikatu. Wannan maƙala za ta bi diddigin waɗannan filaye, yadda aka same su, da amfanin da suka yi wa gari, da kuma abin da ya rataya a wuyan masu riƙe da su.

Tsohon birni a cikin kwari

Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a shekara ta 1807, zuriyar sarakunan Katsina ta yi ƙaura zuwa arewa. Wajen shekara ta 1819 Sarkin Katsina Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, a bakin gulbi. Zaɓen wurin yana da dalili. A wancan zamani kwarin gulbi kurmi ne mai duhu, dawakin abokan gaba ba su iya sukuwa a cikinsa, ga ruwa kusa, ga fadama mai albarka. Aka kewaye gari da ganuwa, ya zama mafaka ga Katsinawa, kamar yadda Tsibiri ta zama ga Gobirawa daga baya.

A cikin wannan birni, kamar sauran biranen ƙasar Hausa, ƙasa tana hannun sarki a matsayin amana. Shi yake ba baƙo wurin gini ta hannun mai unguwa, shi kuma yake hana a taɓa wuraren da jama'a suke tarayya a kansu. Dandali yana ƙofar fada, nan ake hawan salla, nan ake taruwa in za a fita yaƙi, nan sanƙira yake shelar umarni. Akwai kasuwa da sarkinta, akwai maƙabarta, akwai masallacin idi, akwai burtalin da dabbobi suke bi zuwa mashaya. Akwai kuma zango, inda fatake suke sauke jakuna da raƙuma, su ɗaure su, su kwana. Wato tun kafin a san mota, magabata sun gane cewa garin ciniki sai da wurin da abin hawa zai tsaya.

Zuwan Faransawa da cinikin gyaɗa

Da Faransawa suka kafa mulkinsu a farkon ƙarni na 20, sai suka zo da wata fahimta dabam game da ƙasa. Dokarsu ta 1932 ta kawo rajistar filaye a rubuce, ta 1935 kuma ta ce duk ƙasar da suka kira wadda ba ta da mai ita, ta gwamnati ce. Ta wannan hanya filaye da yawa waɗanda al'ada ta san masu su, ko ta san amfaninsu, suka koma ƙarƙashin ikon kumandan. Daga shekara ta 1927 Maraɗi ta zama mazaunin kumandan mai mulkin yankin, kuma Turawa suka fi son tudu, inda suka kafa ofisoshinsu da gidajensu.

Abin da ya ɗaga garin a wannan lokaci shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun wajen 1911, saboda haka gyaɗar ƙasar Maraɗi ta sami hanyar zuwa teku ta Katsina da Kano. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da wuraren awo, suna sayen gyaɗa da kaka, suna sayar da yadi da gishiri da kananzir. Raƙuma da jakuna suna kawo buhuna daga ƙauyuka, motocin kaya suna kwashewa zuwa kudu. Kowane kamfani yana bukatar fili mai faɗi na tara buhuna da juya mota, abin da lungunan tsohon birni ba su iya bayarwa.

Ambaliyar 1945

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya. Da rani busasshe ne, da damina kuwa yana iya cika ya batse. A daminar 1945 ya yi cikar da ta wuce ta kullum, ruwa ya shiga birni. Gidajen ƙasa ne, in ruwa ya kwanta a gindinsu ba su daɗewa, don haka unguwanni suka rushe, jama'a suka rasa matsuguni. Kwarin da ya tsare garin daga mahara fiye da shekara ɗari, shi ne ya tashe shi.

Hukumar mulkin mallaka ta yanke shawarar kada a sake gini a tsohon wuri. Aka auna tudu, aka ja hanyoyi masu faɗi, aka yanka kare-kare, aka raba wa magidanta. Fada ta hau tudu tare da jama'arta, aka bar mata babban fili a gabanta, wanda ake kira da sunan Ɗan Kasawa. Unguwannin Bagalam, da Ƴan Daka, da Maraɗawa, da Ɗan Gulbi, da Limanci suka zauna kewaye da ita, kuma har yanzu su ne tsofaffin unguwannin gari. Aka keɓe wa kasuwa wurinta, aka bar sarari tsakanin gidajen jama'a da ma'aikatun gwamnati.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Maraɗi a lokacin ba su kai dubu 10 ba, motocin garin kuma ana iya ƙirga su. Hanyoyin da aka ja sun fi ƙarfin bukatar wannan zamani nesa ba kusa ba. Amma wannan yalwa ita ce jarin da garin ya yi ta ci har tsawon shekaru masu yawa. Sarki Buzu Ɗan Zambadi, wanda ya hau gadon sarauta a 1947 ya kuma riƙe ta har 2004, a zamaninsa ne sabon birnin ya kafu, ya cika, ya tumbatsa.

Daga zango zuwa tasha

A tsakiyar shekarun 1950 aka ba Maraɗi matsayin gari mai hukumar kansa, bayan samun ƴancin kai kuma, a 1964, ta zama babban birnin ɗaya daga cikin jahohi bakwai na ƙasa. Kowane sabon matsayi yana zuwa da gine-ginensa: ofishin mai mulkin jaha, da ma'aikatar magajin gari, da kotu, da gidan waya, da asibiti, da makarantu. A kan filin gwamnati aka gina su, saboda sararin yana nan.

A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA domin cinikin gyaɗa, harkar ta ci gaba da bunƙasa har farin 1973 da 1974 ya karya ta. Sai dai kafin nan alhazan Maraɗi sun riga sun buɗe wata ƙofa, wato cinikin kaya tsakaninsu da Najeriya, wanda ya ƙaru sosai a lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 da kuma shekarun arzikin man fetur. Kaya suna zuwa daga tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, a sauke a Maraɗi, a sake lodi zuwa Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram ta ratsa nan, hanyar Katsina kuma daga nan ta tashi. Zangon fatake ya zama tashar mota, madugu ya zama direba, ƴan kamasho da ƴan dako suka sami abin yi. Ranakun Litinin da Jumma'a, da kasuwa take ci, motocin ƙauyuka da amalanke suna cika duk wani sarari da yake kewaye da ita.

Muhimmancin wurin tsayuwar mota ya fi fitowa fili a duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da kuma 2023 zuwa 2024. A irin wannan hali manyan motoci sukan yi cirko-cirko da kayansu kwana da kwanaki, in babu filin da aka tanada musu, sai bakin hanya da ƙofar gidajen mutane.

Yawan jama'a da matsin fili

Ƙidayar 1977 ta sami mutum kusan 45,000 a Maraɗi. A 1988 sun kai wajen 110,000, a 2001 kusan 148,000, a 2012 kuwa sun haura 267,000. Unguwanni irin su Sabon Gari, da Sabon Kare, da Zariya, da Ali Ɗan Tsoho suka cinye gonakin da suke gefen gari.

Yadda ake faɗaɗa gari sananne ne. Hukumar gari takan ɗauki gonaki, masu awo su kafa duwatsun iyaka, a fitar da hanyoyi, a yanka filaye, a ba masu gona rabonsu, a sayar da saura. A kowane zane doka ta tanadi a bar wasu wurare domin makaranta, da ɗakin shan magani, da kasuwar unguwa, da wurin shan iska. To, a nan gizo yake saƙa. Sayar da fili ita ce hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi ga hukumomin garuruwa, har ma a farkon shekarun 2000 gwamnatin Nijar ta biya wasu ma'aikatanta bashin albashi da filaye. Saboda haka a birane da dama na ƙasar an sha kuka cewa filayen da aka keɓe wa jama'a ana yanka su a sayar. Filin da aka bari fayau yana kama da abin da ba shi da amfani, har ranar da unguwa ta nemi wurin gina aji ko wurin tsayar da motar kai marar lafiya, ta tarar an yi shaguna.

Gyare-gyaren zamanin nan

A 2002 aka raba Maraɗi gida uku a ƙarƙashin hukuma ɗaya, a 2004 aka yi zaɓen ƴan majalisun garuruwa, a 2010 kuma ta sami matsayin birni mai da'ira uku. A wannan shekara ta 2010 ne aka ɗaga sarautar Katsinar Maraɗi zuwa matsayin sultan, aka kuma kafa jami'ar da take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A watan Afrilu na 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe garuruwa.

Babban gyaran da birnin ya gani a wannan tsakani shi ne na shirin Maraɗi Kwalliya, lokacin da ya karɓi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2015. An shimfiɗa kwalta a manyan hanyoyi, an gina dandalin fareti da gidajen saukar baƙi, an gyara filin jirgin sama. Mafi yawan waɗannan ayyuka sun yiwu ne domin an sami hanyoyi masu faɗi da filayen gwamnati da aka gada. Haka nan filin kokowa mai sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya ci takobin farko na ƙasa a Tawa a 1975, ba zai ɗauki taron dubban mutane ba in babu sararin da motoci da babura za su tsaya a kewayensa.

A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Tashar jirgi tana jawo sito-sito da manyan motoci da masaukai, duk kuwa suna bukatar ƙasa. Wanda zai tsara wannan sai ya yi irin hangen da aka yi a 1945, ya auna da yawan jama'ar da za su zo, ba da na ranar da yake awo ba.

Kammalawa

Tarihin nan yana nuna abu uku. Na farko, ginin hukuma da wurin tsayuwar abin hawa tare suke tafiya, domin ofis ko kasuwa ko asibitin da aka cika filinsa da gini har bakin hanya, cunkosonsa a kan titi yake ƙarewa. Na biyu, filin jama'a in ya fita hannu da wuya ya dawo, sai da diyya mai tsada da ɓacin rai. Na uku, takardar zane kaɗai ba ta tsare fili. Masu unguwanni da dattawa su ne suka san inda burtali ya bi, da inda tsohuwar maƙabarta take, da inda ruwa yake kwanciya da damina, kuma dokokin ƙasa sun ba sarakuna hurumin sulhu a rigingimun filaye. Idan hukumar gari ta zauna da fada kafin ta kafa dutsen iyaka, ta kuma sanar da jama'a abin da za a yi da kowane filin da aka keɓe, rigima takan ragu, amana kuma ta tsaru.

Mutanen da suka hau tudu a 1945 sun baro gidajensu a cikin ruwa, amma sun bar wa jikokinsu dandali da kasuwa da hanyoyi masu faɗi. Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da Maraɗi da ƙasar Nijar lafiya.