Daga Tubali Zuwa Bulo: Tarihin Nutsewar Gidaje a Arewacin Kano

Duk shekara, daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, labari iri ɗaya ke fitowa daga ƙauyukan Dambatta, Bichi, Makoɗa, Minjibir da Dawakin Tofa: bango ya dare, daɓen ɗaki ya lotsa, ƙofa ta ƙi rufuwa, wani lokaci ma ɗaki ya rufta da mutane a ciki. Akan ɗora laifin a kan yawan ruwan sama, ko a ce ai ginin ƙasa ne. Amma Gidan Makama na birnin Kano ginin ƙasa ne da asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), yana nan tsaye, alhali akwai gidajen bulo da ba su shekara ashirin ba sun tsattsage. Tarihin yankin ya nuna cewa abin da ya sauya shi ne inda ake kafa gida, da yadda ake bi da ruwan da ke kewaye da shi.

Jigawa da fadama

Yawancin ƙasar arewacin Kano jigawa ce, rairayin da iska ta kwaso tun zamanin da ta shimfiɗa a kan dutse da marmara. Jigawa ba ta riƙe ruwa, kuma tana ɗaukar nauyin gini muddin ruwa mai gudu bai wanke ta daga ƙarƙashi ba. A tsakanin tuddan kuma akwai kwari da fadamu masu laka da yumɓu. Yumɓu yakan kumbura da damina, ya tsuke ya dare da rani, don haka ginin da ke kansa hawa da sauka yake yi duk shekara. Ko a Ingila, farin 1976 ya tsaga ɗimbin gidajen da aka gina a kan yumɓun Landan da kewayenta. Manomin Kano ya san wannan bambanci tun kafin zuwan injiniyoyi: gida a tudu, rake da kayan lambu a fadama.

Dabarar magina na dā

Gini sana'ar gado ce a ƙasar Kano, har da sarautar Sarkin Magina. Maginin gargajiya yakan haƙa harsashi kimanin rabin mita, har ya wuce ƙasar sama mai taushi ya tarar da mai tauri. Sai ya jera tubali, bango ya fara da kauri a gindi yana raguwa zuwa sama, ta yadda nauyin zai bazu a kan faffaɗan wuri. Rufin soro kuwa azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika cinta ba. Da yake azara ba ta tsallake fiye da kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba, sai ɗakuna suka zama ƙanana, babban zaure kuma a yi masa baka ko ginshiƙi.

Sauran aikin duk na kare gini daga ruwa ne. Indararo yana jefa ruwan soro nesa da bango. Dakali yana tare gindin bango daga zaizaya. Makubar ɓawon ɗorawa tana ƙarfafa yaɓe da daɓe, masu hali kuma su sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini yakan zama kududdufi, ruwan unguwa ya taru a cikinsa. Kafin kowace damina kuma akan sake yaɓe, a toshe tsaga, a share magudana. Gidan ƙasa na lokacin ba a gama gininsa. Duk shekara sai an koma kansa.

Jama'a, fari da siminti

A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa bincikensu kan karkarar da ke kewaye da Kano, inda suka bayyana ta a matsayin yanki mai cunkoson manoma, fiye da mutum 140 a kowace murabba'in kilomita, kusan babu saura, ana noma kowace gona duk shekara da taki. Tun daga lokacin jama'a ta ninka, gandu ya rarrabu ta hanyar gado, fili ya yi tsada. Mai neman inda zai yi wa ɗansa ɗakin aure sai ya koma wuraren da kakanninsa suka ƙi: bakin fadama, tsohuwar rijiya, tsohon masai, da kududdufin da aka cike da shara. Shara ruɓewa take yi, tana raguwa shekara da shekaru, abin da aka ɗora mata kuma yana bin ta ƙasa.

Fari ya taimaka wajen ɓoye haɗarin. A 1973 ruwan da ya sauka a Kano kusan rabin abin da aka saba ne, sannan fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Kwarin da a da yake kwanciyar ruwa ya shekara da shekaru a bushe, har aka ɗauke shi fili kamar kowane. A Agustan 1988 ruwa ya dawo da ƙarfi, madatsar Bagauda da ke kudancin jihar ta ɓalle, dubban gidaje suka rushe. Daminu masu nauyi da suka biyo baya sun tarar da gidaje a hanyar ruwa. Haka kuma madatsun da aka fara ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo (1967–1975), irin su Tomas, Jakara, Gari da Watari, sun kawo noman rani, amma inda ruwa ke kwance ko ake ban ruwa, danshi yakan matso kusa da harsashin gidajen da ke gefe.

Kayan gini ma sun sauya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano ya fara samuwa, kuɗin mai na shekarun 1970 kuma ya kai siminti ƙauye. Kwanon da ba a yi masa magudana ba yana zubar da ruwansa a gindin bango, tsawon ɗakin gaba ɗaya. Filastar siminti a jikin bangon ƙasa tana tsagewa, ruwa ya shiga bayanta ya kasa fita, bango ya jiƙe daga ciki ba a gani ba. Bangon bulo siriri ne, nauyinsa a kan ɗan ƙaramin wuri yake, kuma ba ya jure motsin ƙasa. Idan aka yi tsimin siminti da rodi a harsashinsa, tsagewa ba ta da nisa. Daɓen siminti kuwa sau da yawa a kan cikon da aka zuba lokaci ɗaya ake yinsa, ba a daddaɓe ba. Mafi girman asara ita ce al'adar gyaran shekara-shekara, domin an ɗauka ginin siminti ya wuce buƙatar kulawa.

Yadda ake gyara

Gini yakan nuna alama kafin ya faɗi. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, mai faɗi a sama, tana nuna cewa gefe ɗaya na harsashi ya sauka. Daɓen da ke amo kamar ganga idan an ƙwanƙwasa, ƙarƙashinsa ya zama kogo. Magina kan liƙa ɗan siminti a kan tsaga su rubuta kwanan wata. Idan ya dare bayan damina, ginin bai daina motsi ba.

Gyara da ruwa yake farawa: a yi wa kwano magudana, a tayar da ƙasar gindin bango ta gangara waje, a maido da dakali, a nisanta masai da wurin wanki daga ɗakin kwana. Daɓen da ya lotsa fasa shi ake yi, a kwashe ruɓaɓɓen ciko, a zuba marmara kaɗan-kaɗan, kimanin santimita 15 kowane zubi, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, sannan a shimfiɗa leda a zuba kankare. Harsashin da ya nutse kuma da rani ake taɓa shi, a tokare bango, a haƙa ƙarƙashinsa yanki-yanki, kimanin mita ɗaya, ana tsallake na kusa, har a kai ƙasa mai tauri a cike da kankare. Wannan aikin injiniya ne ko gwanin magini, domin haƙe gindin bango gaba ɗaya kayar da shi yake yi. Soron da ya lotsa a tsakiya sai an rage masa ƙasar da ta taru a kai an sauya azarar da ta gaji. Ɗakin da tsagarsa ke ƙaruwa ana cikin damina kuwa, a kwashe iyali daga cikinsa tukuna.

Ɗakin da aka gina a kan tsohon kududdufi sau da yawa gyaransa ya fi sake gini tsada. Shi ya sa mai sayen fili a Bichi ko Dambatta zai fi amfana idan ya je ya ga filin a watan Agusta, ya kuma tambayi mai unguwa da dattawan wurin abin da ke nan kafin farin 1973.