Tsirrai masu cin ƙwari

Tsirrai masu cin ƙwari suna cikin dangin tsirrai masu fure. Kamar gero da dawa, da hasken rana suke haɗa abincinsu, su yi fure, su zubar da iri. Bambancin yana wajen taki. Gero ta saiwa yake jan sinadarin naitrojin daga ƙasa. Su kuwa suna fitowa ne a ƙasar da ba ta da ƙarfi, sai ganyensu ya rikiɗe ya zama tarko: ya kama ƙwaro, ya narkar da shi, ya tsotse amfanin. Charles Darwin ya yi bayanin hakan a littafin da ya fitar a 1875.

Yawancinsu suna buƙatar rana, ƙasa marar taki da ruwan da ba ya yankewa. A Hirafok, cikin duwatsun Ahaggar na yankin Tamanrasset a Aljeriya, biyun farko a wadace suke, na ukun ne babu. Tarko da ruwan narkarwa ba sa yiwuwa sai da danshi. Shi ya sa hamada ta fi karɓar irin su tumfafiya da itatuwan ƙaya, masu zurfafa saiwa neman ruwa.

Mai son ganinsu sai ya gangaro kudu, tafkunan Nijar da arewacin Najeriya da Tafkin Chadi, inda ake samun wanda masana ke kira Utricularia. Ba shi da saiwa ko ɗaya. Yana yawo cikin ruwa, sai ɗan furensa mai ruwan ɗorawa da ke leƙowa sama, mai wucewa ma ya ɗauka ciyawar tafki ce kawai. Ganyensa na ɗauke da 'yan jakunkuna ƙanana, kowace da ƙofa da gashi a baki. Jakar kan fitar da ruwan cikinta ta lotse. Da zarar ƙaramar halitta, kamar ɗan tsutsar sauro, ta taɓa gashin, sai ƙofar ta buɗe, ruwa ya zuƙe ta ciki, tun kafin ƙiftawar ido.

Wanda ya fi suna, mai ganye kamar baki da haƙora, asalinsa jihohin Karolina biyu ne na Amurka. Furensa kan tsaya a doguwar sanda, nesa da tarkon.

Takin zamani da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki zuwa tafki yana cutar da su: gansakuka da sauran ciyayi sai su bunƙasa, su tare musu rana.